BABI NA UKU: SUNAN AMINA, ASALINSA DA WASU DA SUKA SHAHARA DA SHI

3.0 Shimfiɗa

A wannan babi za a ɗauki suna guda ɗaya daga cikin sunayen yanka na mata a yi masa nazari, wato sunan Amina. Dalilin zaɓarsa shi ne, da wuya a shiga unguwa a ƙasar Hausa a rasa mai wannan suna, amma duk da yawan masu shi, ba kowa ya san cewa sunaye biyu ne na Larabci suka haɗu suka zama ɗaya a bakin Bahaushe ba. Haka kuma sunan yana ɗauke da wata matsala ta tarihi da har yau masana ba su gama warware ta ba, wato ta Amina sarauniyar Zazzau da zamanin da ta rayu. Za a fara da asalin kalmar, sannan a dubi matan da suka sa sunan ya yi fice.

3.1 Asalin Kalmar da Ma'anarta

Sunan Amina ba Hausa ba ne, aro ne daga Larabci kamar mafi yawan sunayen da ake raɗa wa jariri ranar suna, kwana bakwai bayan haihuwa. Ya fito ne daga saiwar nan mai baƙaƙe uku, alif da mim da nun, wadda ma'anarta ke zagaye da kwanciyar hankali da rashin tsoro da yarda. Hausa ta ari kalmomi da dama daga wannan saiwa, har sun zama 'yan gida, kamar amana da aminci da imani da mumini da amini da aminiya. Saboda haka ko Bahaushen da bai taɓa zama gaban malami ba, in ya ji sunan Amina, zai iya kintatar cewa yana da alaƙa da aminci.

Sai dai a Larabci wannan saiwa ta haifar da sunayen mata guda biyu mabambanta. Na farko shi ne wanda ake jan wasalinsa na farko, wato Aamina, ma'anarsa kuwa wadda take cikin aminci, wadda ta kuɓuta daga tsoro. Wannan shi ne sunan mahaifiyar Annabi Muhammadu (S.A.W.). Na biyu shi ne wanda ake jan wasalinsa na tsakiya, wato Amiina, wanda yake nufin amintacciya, mai riƙon amana. Namijinsa shi ne Amiin, laƙabin da mutanen Makka suka yi wa Annabi (S.A.W.) tun kafin a aiko shi, wanda kuma Hausawa suka mayar da shi Aminu, Barebari suka ce Laminu, kamar yadda ake kiran Shehu Muhammadu Al'amin Elkanemi na Borno da Shehu Laminu. A rubutun Larabci ba a rikita sunayen biyu, domin na farko yana da madda a kan alif, na biyu kuwa yana da harafin ya bayan mim. Rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali, shi ya sa duka biyun suka koma Amina.

Abin lura a nan shi ne, niyyar uba ko malamin da ya raɗa sunan ta fi karkata ga mahaifiyar Annabi (S.A.W.), domin neman albarka, amma furucin da ake ji a gida da kasuwa na suna na biyu ne, wato ana jan wasalin tsakiya. Malamai ne kawai, a wajen karatun maulidi da na sira, ake jin suna jan wasalin farko. Ba za a ce harshen Hausa ne ya kasa furta sigar ta asali ba, domin kuwa Bahaushe yana jan wasalin farko a sunayen Fatima da A'isha ba tare da wata wahala ba. Abin da ya fi kama hankali shi ne kwaikwayo: sunan ya bi sahun takwaransa na maza, Aminu, ya kuma bi sahun sunayen mata masu irin wannan gini, kamar Halima da Habiba da Hadiza. Da yake ma'anonin biyu duka kyawawa ne, babu wanda ya ga buƙatar gyara.

Akwai kuma sigar Aminatu, wadda ta fi yawa a bakin malamai da dattawa da cikin tsofaffin rubuce-rubuce. Wannan ɗafin na -tu ba ƙari ne na Hausa ba, yadda ake karanta harafin ƙarshe na sunan ne da wasalinsa a Larabci, kamar yadda aka samu Hadizatu da A'ishatu da Halimatu da Salamatu. A yammacin Afirka, musamman Senegal da Mali da Gini, sigar da ta kafu ita ce Aminata. Yarabawa Musulmi sukan ce Aminat, Turkawa kuwa Emine. 'Yan matan zamani su kuma sun gutsure shi ya koma Mina.

Ko da yake ba shi ne abin da aka sa gaba ba, yana da kyau a ambata cewa a tatsuniya da kirari akan kira kura da sunan Amina. Wannan ya fi kama da gatse, domin duk mai sauraron tatsuniya ya san babu dabbar da ta kai kura cin amana.

3.2 Aminatu 'Yar Wahabi

Wadda ta fara ba wannan suna daraja a duniyar Musulmi ita ce Aminatu 'yar Wahabi ɗan Abdu Manafi, daga gidan Banu Zuhra na ƙabilar Ƙuraishawa. Sunan mahaifiyarta Barratu 'yar Abdul Uzza. Ta auri Abdullahi ɗan Abdul Muɗɗalibi na gidan Banu Hashim, amma zamansu bai yi tsawo ba, domin ya rasu a Yasriba, wato Madina ta yanzu, a kan hanyarsa ta dawowa daga fatauci, lokacin tana da ciki. Ta haifi Annabi (S.A.W.) a Makka a shekarar da ake kira Shekarar Giwa, wadda ta yi daidai da wajen 570 ko 571 Miladiyya. Bisa al'adar manyan Makka, an ba da shi raino ga Halimatu Sa'adiyya a ƙauye, daga baya aka dawo mata da shi. Yana da shekara 6 ta tafi da shi Yasriba ziyarar dangi, a kan hanyar dawowa ta kamu da ciwo ta rasu a wani wuri da ake kira Abwa'u, tsakanin Makka da Madina. Ummu Aimana ce ta ƙaraso da shi Makka wajen kakansa. Hadisi ya tabbatar da cewa bayan shekaru masu yawa Annabi (S.A.W.) ya ziyarci kabarinta ya yi kuka har na tare da shi suka yi kuka.

Daga wannan za a gane cewa sunan ya girmi Musulunci, tun da an raɗa mata shi a zamanin jahiliyya. Musulunci bai ƙirƙiro shi ba, ya dai ɗaukaka shi ya kai shi inda bai taɓa zuwa ba. A ƙasar Hausa hanyar da labarinta ya fi bi ya shiga gidaje ita ce ta maulidi, a watan Rabi'ul Awwal, inda ake karanta littattafai irin na Barzanji masu ba da labarin cikin da ta ɗauka da daren haihuwa. Don haka sunan ya shiga jerin sunayen da Bahaushe yake ɗauka na gidan Annabi ne, tare da Abdullahi da Halima da Hadiza da A'isha da Fatima da Zainabu da Rukayya.

3.3 Amina Sarauniyar Zazzau

Idan aka ce Amina a gaban ɗan makarantar boko, ba mahaifiyar Annabi (S.A.W.) ce za ta fara faɗo masa a rai ba, sarauniyar Zazzau ce. A nan ne kuma ake buƙatar taka tsantsan, domin abin da ake faɗa a kanta ya ninka abin da tsofaffin littattafai suka rubuta sau da yawa.

Tushe mafi daɗewa da ya ambace ta shi ne Infaƙul Maisuri na Muhammadu Bello, wanda ya kammala a 1812, kafin ya zama Sarkin Musulmi a 1817. Bello ya kira ta 'yar sarkin Zazzau, ya bayyana cewa ta yaƙi ƙasashe har Katsina da Kano suka riƙa kai mata haraji, ta kuma yaƙi garuruwan ƙasar Bauchi, ta nausa kudu da yamma, sannan ta rasu a wani wuri mai suna Atagara, wanda masana da yawa suke ganin yana kusa da Idah ta jihar Kogi. Tushe na biyu shi ne littafin tarihin sarakunan Kano da aka tsara da Larabci a ƙarshen ƙarni na 19, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci ya buga a 1908. Wannan littafi ya sa ta a zamanin Sarkin Kano Dauda, wanda bisa lissafin Palmer ya yi sarauta daga 1421 zuwa 1438. Ya nuna cewa ta ci garuruwa har zuwa Kwararrafa da Nupe, cewa Sarkin Nupe ya aiko mata da babanni 40 da goro 10,000, cewa a zamaninta ne kayan yamma suka shigo ƙasar Hausa, kuma yaƙe-yaƙenta sun ɗauki shekara 34.

Matsalar ita ce, labarin da ake bayarwa a Zazzau ya ce ita 'yar Bakwa Turunku ce, wanda jerin sarakunan Zazzau da aka fi amfani da shi ya sa hawansa sarauta a 1536. Masu bin wannan hanya sukan ce ta karɓi mulki ne bayan rasuwar Karama a 1576, su ɗora shekara 34 ɗin nan na littafin Kano a kai, su sami 1610 a matsayin shekarar rasuwarta. Waɗannan shekaru ne aka fi gani a littattafan makarantu. Amma duk wanda ya duba da kyau zai ga cewa an haɗa lissafi biyu ne da ba su jitu ba: an ɗauko tsawon mulkin daga littafin Kano, an watsar da zamanin da shi littafin ya faɗa, alhali tsakanin zamanin Dauda da 1576 akwai kusan shekara 150. Ƙari a kan haka, jerin sarakunan Zazzau bai lissafa Amina a cikin waɗanda suka hau gadon sarauta ba. Wannan ya sa wasu suke ganin ba sarauta ta yi ba, gimbiya ce da ta riƙe ragamar yaƙi. Shi kansa Bakwa an yi saɓani a kansa, wasu ruwayoyi sun ce namiji ne, wasu sun ce mace ce.

A nan ne sunan da kansa zai iya ba da ɗan haske, kuma wannan shi ne abin da ya fi shafar wannan nazari. Sunayen sarauniyoyin da aka ce sun mulki Daura kafin zuwan Bayajida, irin su Kufuru da Yakumo da Innagari da Daurama da Shawata, babu na Larabci ko ɗaya a ciki. Haka ma mafi yawan sunayen sarakunan farko na Zazzau, tun daga Gunguma. Can kusa da zamanin Bakwa kuwa an ga suna irin Muhammadu Rabbo a jerin, kuma wanda ya biyo bayan Bakwa sunansa Ibrahim. Wato ke nan, 'ya mace mai suna Amina ta fi dacewa da gidan sarautar da Musulunci ya riga ya zauna a cikinsa har ya kai ga sunayen 'ya'ya mata, abin da yake ƙarfafa ra'ayin masu cewa ta rayu a ƙarshen ƙarni na 15 ko cikin na 16. Duk da haka wannan hujja ba ta kai a yanke hukunci da ita ba. Littafin Kano ya nuna cewa Wangarawa sun kawo Musulunci Kano tun zamanin Sarki Yaji, wajen 1349 zuwa 1385, kuma shi kansa Dauda sunan Musulmi ne, don haka ba abin mamaki ba ne a sami Amina a fadar maƙwabciyar Kano a zamaninsa. Har ila yau, ba za a manta ba cewa duka littattafan biyu an rubuta su ne fiye da shekara 200 bayan zamanin da suke magana a kai, ko da wane lissafi aka bi, kuma malamai ne suka rubuta su da Larabci. Abin da za a iya cewa da ƙarfin gwiwa shi ne, zuwa farkon ƙarni na 19 an riga an san ta da wannan suna har a wajen Zazzau.

Sauran abubuwan da ake faɗa a kanta na baka ne. Daga ciki akwai cewa tana da ƙanwa mai suna Zariya wadda birnin ya ci sunanta, bayan an taso daga Turunku, wurin da kufansa yake a ƙaramar hukumar Igabi ta jihar Kaduna. Akwai kuma cewa duk inda ta yi zango sai ta sa an kewaye shi da ganuwa, shi ya sa ake kiran tsofaffin ganuwoyi da dama da ganuwar Amina. Wannan ma bai kamata a ɗauke shi a kan kowace ganuwa ba, domin littafin Kano ya danganta fara ginin ganuwar Kano ga Sarki Gijimasu, wajen 1095 zuwa 1134, tun kafin a haife ta da ɗaruruwan shekaru. Labarin da ya fi yawo kuwa, na cewa ba ta yi aure ba, kuma a kowane gari da ta ci takan zaɓi namiji ta kwana da shi gari na wayewa ta sa a kashe shi, babu shi a Infaƙul Maisuri, babu shi a littafin Kano. Ya fi kama da irin ƙarin gishirin da akan yi wa duk macen da ta riƙe iko, kuma bai kamata ɗalibin tarihi ya jera shi da abin da tsofaffin littattafai suka rubuta ba.

A ƙarni na 20 ne aka mayar da ita alama ta ƙasa. Hukumar NORLA ta Zariya ta buga ɗan littafi a kanta da Hausa a 1954. An sa wa ɗakin kwanan ɗalibai mata sunanta a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Legas, haka ma wata tsohuwar makarantar 'yan mata da ke Kakuri a Kaduna, wadda 'yan mishan suka kafa kafin gwamnati ta karɓe ta ta sauya mata suna. An kafa mutum-mutuminta bisa doki a harabar babban ɗakin wasanni na ƙasa da ke Legas. A 2021 kuma Netflix ya fitar da fim mai suna Amina wanda Izu Ojukwu ya ba da umarni. Ta wannan hanya sunan da ma'anarsa zaman lafiya ce ya zama shi ake tunawa da shi idan ana maganar mace mayaƙiya.

3.4 Masu Sunan a Wannan Zamani

Daga cikin 'yan Nijeriya, wadda ta fi yin fice ita ce Amina J. Mohammed, wadda aka haifa a 1961, mahaifinta mutumin Gombe ne. Ta zama ministar muhalli a 2015, sannan a 2017 aka naɗa ta mataimakiyar Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya. Akwai Amina Bala Zakari daga Kazaure, wadda ta riƙe shugabancin hukumar zaɓe ta ƙasa na wucin gadi a 2015 bayan ƙarewar wa'adin Farfesa Attahiru Jega. Akwai Mai Shari'a Amina Augie, wadda ta shiga Kotun Ƙoli a 2016 ta yi ritaya a 2023. A fagen ilimi kuma akwai Farfesa Amina Mama, wadda aka haifa a Kaduna a 1958, ta kuma shahara a nazarin al'amuran mata.

A wajen Nijeriya, Senegal ta ba da biyu: marubuciya Aminata Sow Fall, wadda littafinta na 1979 a kan yajin aikin mabarata ya yi suna, da Aminata Toure, wadda ta yi firaminista daga 2013 zuwa 2014. A Mali akwai Aminata Traore, wadda ta yi ministar al'adu daga 1997 zuwa 2000. A Kenya Amina Mohamed ta riƙe ma'aikatar harkokin waje daga 2013 zuwa 2018, kuma kamancin sunanta da na takwararta ta Nijeriya yakan sa a rikita su. Ameenah Gurib-Fakim kuwa, masaniyar kimiyyar tsirrai, ta shugabanci tsibirin Moris daga 2015 zuwa 2018. A Masar an yi 'yar jarida Amina Assa'id, wadda ta jagoranci mujallar mata mai suna Hawwa tun daga 1954. A can Masar ɗin ne kuma marubuci Najib Mahfuz ya sa wa uwar gida a shahararren labarinsa mai littafi uku na birnin Alƙahira suna Amina, mace mai haƙuri da biyayya wadda ba ta fita sai da izinin miji, wato akasin hoton da Bahaushe yake da shi na Aminar Zazzau.

Wannan jeri ya kuma fito da wata matsala ta rubutu. Da yake kowace ƙasa da irin ƙa'idar rubutun da ta gada daga Turawan da suka mulke ta, suna ɗaya ya koma Amina da Aminah da Ameena da Aminat a Nijeriya, a Nijar kuma Aminatou, bisa rubutun Faransanci. Akan sami yarinya ɗaya an rubuta mata Aminatu a takardar haihuwa, Amina a shaidar firamare, Aminat a takardar jarrabawar sakandare, saboda kowane malami ko akawu da yadda ya saba. A da wannan bai cika damun kowa ba, amma tun da aka fara adana sunaye a kwamfuta domin lambar banki da katin ɗan ƙasa, bambancin harafi ɗaya yakan tilasta wa mai sunan zuwa kotu ta yi rantsuwa cewa duk sunayen nata ne kafin a karɓi takardunta.